Albasar Saitin Mijinyawa

A Bodinga idan aka ce Mijinyawa, sai an ƙara da Mai Majigi. Ya fara aikin tun yana saurayi, yana bin motar wayar da kai ƙauye-ƙauye, shi ne mai ɗaura farin ƙyalle. Da motar ta mutu ya yi shekaru yana gyaran rediyo, har ya sayi majigin kansa, na hannu. Yanzu ya haura sittin. Duk taron da ake son nuna hoto, daga Sifawa zuwa Shagari, shi ake kira.

Yana da wata al'ada da ake yi wa dariya. Ba ya fita aiki sai da albasa guda mai ganye a aljihu. Idan ya kunna majigi, sai ya haska hoton albasa da ya ɗauka da kansa a fadamar Danchadi, ya kara ta gasken a jikin bango, ya riƙa rage haske, yana ƙara launi, har sai ganyen bango da na hannunsa sun zama abu ɗaya. Yakan ce babu bangon da yake fari tsantsa, kowanne da irin ƙaryar da yake yi wa ido. Saitin yakan ci rabin awa.

A ranin da ya wuce wata ƙungiya ta shirya wa manoman albasa taro a Dandin Mahe, don su gane cutar ganye tun tana sabuwa. Alamarta ɗan rawaya-rawaya ne a bakin ganyen, wanda idan aka gani da wuri feshi yana tsayar da ita. Mai gabatarwa Jamilu ne, yaro mai digiri da bai fi wata biyu da fara aiki ba. An toshe tagogin ajin makaranta da buhuna, zafin hantsi ya cika ɗakin, manyan baƙi suna duba agogo, Mijinyawa kuma yana tsaye da albasarsa.

"Baba, don Allah, ba miya muka zo yi ba," in ji Jamilu. Aka yi dariya. Jamilu ya karɓe rimot ɗin majigin, ya danna saitin da ake kallon ƙwallo da shi. Nan take bango ya yi kore shar.

"Ɗana, wanga launi ba gaskiya ba ne."

"Ya fi kyau, Baba. Zauna ka huta."

Mijinyawa ya zauna. Wannan zaman ne har yau yake ci masa rai.

Jamilu ya nuna ganye mai lafiya, ya nuna mai cutar farko. A bango duk kore suke. Manoma suka tashi da fahimtar cewa sai ganye ya yi tabo sosai ake feshi.

Bayan sati huɗu, Mijinyawa yana shan shayi a tasha, wani dattijo mai suna Altine ya sauko daga babur, ya zube masa dunƙulen ruɓaɓɓen ganye a gaban mutane.

"Ga abin da majiginka ya koya muna! Mun ga rawaya, munka ce ba ita ba ce. Rabin fadamata ta tahi. Majiginka maƙaryaci ne, Mijinyawa!"

Shekara arba'in ba wanda ya taɓa haɗa sunansa da wannan kalma. Mijinyawa ya ajiye kofin. Ya wuce ofishin ƙungiyar, ya tarar da Jamilu a gaban kwamfuta.

"Tashi."

"Baba, ina da rahoto..."

"Ka karɓe min rimot gaban jama'a, gaban jama'a za ka maida shi. Tashi, na ce!"

Aka sake kiran manoman, ranar Laraba da hantsi suka koma ajin nan. Babu manyan baƙi, sai manoma, fuskokinsu a murtuke. Mijinyawa ya fito da albasarsa. Ya yi saiti rabin awa cif, ba wanda ya yi tari. Sannan ya haska ganye mai cutar. Rawayar ta fito ƙarara a bakin ganyen, irin wadda kowa a ɗakin ya gani a gonarsa ya wuce.

Ya miƙa wa Jamilu rimot. "Danna abin da ka danna rannan."

Jamilu ya danna. Rawayar ta ɓace.

Ɗakin ya ɗauki salati. Jamilu ya ce da murya ƙasa-ƙasa shi ne ya yi, Baba ya hana shi bai ji ba. Mijinyawa ya ce na baya ba su ji ba. Jamilu ya sake faɗa da ƙarfi, idonsa cike da ƙwalla.

Altine ya dubi bangon. "Na janye kalmata, Malam Mijinyawa," ya ce. "Amma kai da ka sani, don mi ka zamna?"

Mijinyawa ya naɗe wayoyinsa da ƙarfi har ɗaya ta tsinke. Tun daga ranar ya huda rimot ɗin, ya zura masa igiya, yana rataye a wuyansa. Ko shugaban taro ne ya miƙo hannu, sai ya ce a jira albasa.