Hular da maigidana ya zaga

Shekarun baya, muna da shekara biyu da aure, na ƙudiri niyyar ɗinka wa maigidana hula da hannuna don zagayowar ranar haihuwarsa. Ni da ko maɓalli ban iya dasawa ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Babarbariya 'yar Guri, ita ta zana mini, ta nuna mini yadda ake soka allura, ta ce, "Yarinya, hula ba ta son gaggawa, ke kuwa na ga idonki a tsaye yake."

Wata uku ina abu ɗaya. Da ya fita gonar shinkafa a fadama sai in jawo ta daga ƙasan adaka. Na sha suka a yatsa har na daina ƙirgawa. Da zare shuɗi ya ƙare mini, na je kasuwa ban samu irinsa ba, na cike da wanda ya ɗan fi shi duhu. Na ce wa zai lura?

Saura kwana uku na kai ta wurin mai wankin hula, ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a katako ta yi tsaye. Abin da na manta, a bakin rumfarsa maigidana da abokansa suke majalisa bayan la'asar, nan kuma ake shanya hulunan jama'a, kowa na gani.

Washegari ya shigo gida yana dariya tun daga zaure.

"Ke, yau na ga abin mamaki. Wata hula aka kawo wanki, rabi shuɗi, rabi Allah ne masani. Zanen ya tashi daga garin Malam Madori ya ɓuge da Guri. Na ce musu duk wanda aka ɗinka wa wannan, a taru a yi masa jaje."

Ina riƙe da ludayi na ce, "Ikon Allah." Na shige ɗaki na yi kuka mai isata, ba zan ɓoye ba. Maƙwabciyata ta ce in bar mata ita, ta ba ni wata cikin nata in ce ni na yi. Har na miƙa hannu, sai zuciya ta ciyo ni. Wata uku na yatsuna? Na ce wallahi wannan zai sa.

Ranar na yi masa dambun shinkafa, na bari ya ƙoshi, na ajiye ƙunshi a gabansa. Ya buɗe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya dubi hular, ya dube ni, ya dubi ƙofa.

"Ai... ai da na duba ta da kyau..."

"Kada ka gyara, Malam. Na ji ta bakinka tun shekaranjiya. Sa."

Ya sa. Ta zauna masa daidai, wannan kam ban yi kuskure ba. Ya ce zai riƙa sawa a gida, don kada rana ta cinye ta. Na ce ba don gida na ɗinka ba, ga la'asar ta yi, majalisa na jiransa.

Ya daɗe a tsaye a zaure kafin na ji tashin babur.

Da ya dawo hular na kansa. Na ce, "Sun yi dariya?"

"Har da mai faɗuwa daga benci."

"Kai me ka ce?"

"Na ce wanda matarsa ta taɓa ɗinka masa ko da aljihu ne, ya ɗaga hannu. Shiru kike ji."

Yanzu hannuna ya faɗa, har daga unguwanni ake kawo mini aiki. Idan na tuna, ba dariyarsa ce ke tsaya mini ba, miƙa hannun nan ne da na yi zan karɓi ta wani in ce tawa. Shi har yau yana cewa in yafe masa. Na yafe tuni. Amma hular ba ta da muni, kuma ba zan taɓa yarda tana da shi ba.