Ruwan da ke Cikin Jibrilla

A wani ƙauye gefen Turba aka haifi Jibrilla, a nan ya yi noma har furfura ta cika masa gemu. Dogon mutum ne, ba ya son yawan magana. Da mahaifinsu ya rasu sai gandu ya dawo hannunsa, tare da rumbun iri. Kowace kaka shi ke zaɓen gero mafi kyau ya zuba, ya liƙe bakin rumbun da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

A lokacin farin shekarar saba'in da uku gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Mutane suka koma jiƙa 'ya'yan anza, itacen daji mai ɗaci, suna ci. Ƙanensa Kalilu ya matsa a fasa rumbun, Jibrilla ya ce ko kusa, in aka cinye iri me za a shuka baɗi?

To, a nan masifar ta shigo. Kowa na ramewa, cikin Jibrilla na girma. Ya yi tulele, fatar tana ƙyalli, har taguwa ta daina rufe shi. Sai magana ta tashi a bakin rijiya, wai ya huda rumbun ta ƙasa yana ci shi kaɗai. Kai, yunwa ba ta da kunya! Ba wanda ya tsaya ya dubi hannuwansa da suka zama kamar kara, ko idonsa da ya yi ɗorawa, ko yadda yake sosa jikinsa har ya yi jini.

Matarsa Safiyatu ta fi kowa shan wahalar maganar. Shekara ashirin da shida suna tare, bai taɓa ɓoye mata ko goro ba. Amma mace ba ta leƙa rumbu, haka ta taso ta tarar, ga kuma cikin a gabanta kullum yana ƙaruwa. Ba ta tambaye shi ba. Sai kawai ta fara rage masa rabo, in ta zuba abinci ta ɗebe rabin nasa ta ƙara wa sauran gida. Yana gani, ya ci abin da ya samu ya yi hamdala. Wata biyu tana yi masa haka.

Ranar da ya yi aman jini a ƙofar gida, Kalilu ya aza shi kan jaki suka nufi asibitin garin Isa, Safiyatu tana biye a ƙafa. Malamin asibiti ya danna masa ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ƙwanƙwasa cikin, ya duba idon, ya ce hanta ce ta lalace tun da daɗewa, abin da ke cikin nan ruwa ne zalla, kuma ba su da abin da za su yi masa.

Safiyatu ta fashe da kuka. Tun daga Isa take kuka har gida, kukan baƙin ciki da kunya.

Ta sayar da zanenta na ƙarshe mai kyau, ta samo gero ta dama masa kunu mai kauri. Sai dai ciwon ya riga ya taɓa masa kai, yana yini cikin barci, in ya farka hannuwansa na karkarwa, ba ya gane mutane. Ta durƙusa gabansa da ƙoƙon, ta ce, "Malam, ka yahe mini, na zalunce ka."

Ya daɗe yana kallonta. A zatonsa yayarsa ce Mairama, wadda ta rasu shekaru da yawa.

"Yaya," ya ce, "ki tahi ki gaya ma Safiyatu ban taɓa irin nan ba. Ni ba ta yarda da ni."

Ta yi ta faɗa masa ita ce, ta yarda, wallahi ta yarda. Har ya cika bayan kwana uku bai sake gane ta ba.