Ƙafar Golanmu ta Hagu

Shekarar da Saudiyya ta ci Ajantina a gasar kofin duniya, har aka ba mutane hutu washegari, ita ce shekarar da muka rasa golanmu. A makon nan ne kuma aka yi ruwan da ya cika titunan Jidda, motoci suka riƙa yawo a kansa kamar ƙwarya. Filin da muke wasa, wani fegi ne a bayan rumbunan kaya a hanyar tashar jiragen ruwa, shi ma ya koma tafki. Da ya bushe muka koma wasa, daga nan maganar ta taso.

Kulob ɗinmu na ma'aikata ne. Akwai 'yan dako na tasha, da direbobi, da masu jiran shago a Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari. Ranar Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa. Ni ina tsaron baya, kuma a lokacin na haura arba'in, shi ya sa kowa ke ce mini Baba. Yawancinmu mako guda muke yi muna ɗaga buhu, sai mu zo fili da ragowar ƙarfi. Amma muna shiga gasar unguwanni, kuma ba a raina mu.

Golanmu mutumin Damagaram ne, dogo, ba shi da yawan magana. A wani rumbu yake aiki, yana tura abin da ya samu gida, inda ya fara gina wa matarsa da mahaifiyarsa ɗakuna biyu. Safar hannun da yake tsare raga da ita irin ta 'yan dako ce, mai ɗigon roba a tafi. A wajen kamu ba zan ce ya fi sauran gololin unguwa ba. Abin da Allah ya ba shi yana ƙafarsa ta hagu. Idan ya kama ƙwallo sai ya rungume ta, ya dube mu, ya ce, "Baba, huta." Sannan ya sake ta ya daka. Takan yi sama har ka ɗaga kai ka kare ido da hannu, ta je ta sauka can kusa da kwanar abokan karawa. Wani lokaci da gangan yake sa ta fita a can, don su faro daga nesa.

Tsakanin tashin ƙwallon da dawowarta nake dafa gwiwa in ja numfashi. Ni da sauran 'yan baya da wannan muke kai ƙarshen wasa. Samarin da muke karawa da su kuwa sai sun koma da gudu har gidansu, su sake tahowa, kafin hutun rabin lokaci sun fara jan ƙafa kamar mu.

Sai dai akwai wani tunani da muka taso da shi tun a garuruwanmu. Muna yara, gola shi ne wanda ya zo a makare, ko mai ƙiba, ko wanda bai iya taka leda ba. Ba wanda yake zaɓar raga da kansa, tura mutum ake yi. Wannan tunanin muka ƙunso muka zo da shi Jidda. In an tashi wasa, wanda ya ci ƙwallo ake ɗagawa sama, shi ake saya wa lemo. Gola sai ya tsaya kwance raga.

Mai ci mana ƙwallo wani saurayi ne haifaffen Jidda, lamba tara muke ce masa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana rabi Larabci ne. Yana da gudu, kuma yaro ne mai ladabi.

Uban kulob ɗin wani Alhaji ne, Bahaushe ɗan ƙasa, wanda kakansa ya zo Hajji a ƙafa ya zauna. Yana da siton shinkafa da mai a Balad, shi yake saya mana riguna da ƙwallaye.

Bayan ruwan nan abubuwa biyu suka haɗu. Kamfanin da gola yake wa aiki ya rasa kwangilarsa, aka ce masa ya nemi sabon kafili, wato ubangidan da zai karɓi iƙamarsa, takardar izinin zama, in bai samu ba ya tattara ya koma gida. Shi kuma lamba tara, wani kulob na unguwar Aziziyya ya yi masa tayin aiki a shagon waya in zai koma musu. Alhaji yana da gurbin ma'aikaci ɗaya a sitonsa. Sai ya zo fili ya ce mana, "Gurbi ɗaya ne, wallahi ba ni da biyu. Ku zaɓa in ɗauka, kada gobe a ce na yi son kai."

Aka shimfiɗa tabarma a gefen fili kafin magariba, aka kawo shayi a filas. Aka ce wa mutanen biyu su je su kwance raga, suka tafi tare.

Kocinmu direban tirela ne, mai saurin yanke magana. Ya ce, "Jama'a, abin ba wuya. Wa yake ci mana ƙwallo?"

Kyaftin ya ce, "Shi ke nan. Raga ai ko ni sai in tsaya."

Wani ya ce, "Kai da wannan tumbin, ka toshe rabinta tun ba a buga ba."

Aka yi dariya. Na jira ta lafa, na ce, "Koci, ina da magana."

"Bismillah, Baba."

"Ni ba kamun nake dubawa ba, bugun nake dubawa. In ya daka ta tafi, mu na baya muna samun numfashi. In babu shi ban san yadda za mu kai ƙarshen wasa ba."

Kyaftin ya tafa hannu. "Kun ji! Baba so yake a ɗauki mutum aiki don shi ya samu ya huta."

"A saya masa kujera mana, ta fi araha," in ji wani.

Ni ma na yi murmushi, don ba da mugunta suke yi ba. Sannan na ce, "To a bar maganar ƙwallo. Yaron nan in bai samu wannan ba, yana da na Aziziyya. Shi kuwa gola in bai samu ba, jirgi ne."

Koci ya juya kofin shayinsa ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma in muka saki yaron, da shi Aziziyya za su zo su ci mu a filinmu. Gola kuwa dukanmu za mu tashi mu nema masa. Jidda da faɗi, ba za a rasa ba."

Aka ce a ɗaga hannu. Na duba waɗanda suka ɗaga wa gola, sai na ga mu ne 'yan baya, mu kaɗai. Duk wanda yake wasa daga tsakiya zuwa gaba lamba tara ya ɗaga wa. Alhaji ya ce, "Halas, magana ta ƙare," ya miƙe ya tafi alwala.

Koci ne ya faɗa musu. Gola yana riƙe da raga a naɗe a kafaɗa, ya saurara har ƙarshe, ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Allah ya sa haka ya fi alheri." Lamba tara kuwa sai a nan ya san da wa aka gwada shi. Ya kama hannun gola yana cewa, "Wallahi ya akhi ban sani ba, ma adri, ba wanda ya gaya mini." Gola ya dafa kansa ya ce, "Rabonka ne, ƙanena. Ka riƙe aikin da kyau."

An nema masa, ba zan ɓoye wannan ba. Koci ya tambayi masu motoci, kyaftin ya zaga shagunan Balad, ni na bi rumbunan tasha ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina sai a ce a dawo bayan wata, shi kuwa wa'adinsa bai kai haka ba. Duk wannan lokacin bai fasa zuwa fili ba. A wasansa na ƙarshe, ana dab da tashi, ya kama wata ƙwallo ya dube ni, ya daka ta. Na dafa gwiwa ina kallonta har ta sauka. Da aka tashi ya kwance raga kamar kullum, ya cire safar hannunsa ya rataye a jikin ƙarfe, ya ce wanda zai tsaya ya ɗauka.

Juma'ar da ta biyo, wani mai jiran shago ya zo a makare, aka ce ya shiga raga. Ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya kama wasu. Amma in ya buga, ƙwallon ko tsakiyar fili ba ta kaiwa, kafin ka miƙe ta dawo. Haka muka wuni a gidanmu muna tare hari, babu tsayawa. Can gaba lamba tara yana tsaye shi kaɗai, hannu a ƙugu, yana kira, "Yalla, ku kawo, ku kawo!" Ba mai ƙarfin kai masa. A ranar na tuna cewa yawancin ƙwallayen da ya ci, bugun gola ya bi da gudu ya tarar da su a bayan mutane. Ban faɗa ba, kuma ba wanda ya faɗa.

Muka gwada mutane da yawa a raga. Alhaji har ya sayo safar hannu ta gaske, mai tsada, irin wadda golanmu bai taɓa sawa ba. Ba ta ƙara wa bugun kowa nisa ba.

Abokina da muke tsaron baya tare, mai dako ne shi ma, wata Juma'a ya zauna a tsakiyar wasa yana riƙe da ƙirji. Muka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana, amma likita ya hana shi ƙwallo. Ni gwiwata ta dama ta fara kumbura duk ranar Asabar, har ta kai ina rasa zuwa aiki, sai na ajiye ƙwallo. Na ukunmu ya ce ba zai tsaya baya shi kaɗai da yara ba. Aka cire mu daga gasar tun a zagayen farko, abin da bai taɓa faruwa ba. Lamba tara ya jure har bayan azumi, sannan ya zo ya nemi izinin Alhaji ya koma wasa a Aziziyya. Alhaji ya bar shi da aikinsa a sito, har yau yana can, kuma in na bi ta wurin sai ya fito ya gaishe ni ya tambayi labarin gola.

Labarinsa kuwa ina samu. Da farko da murya muke gaisawa a waya. Yanzu da nake zuwa ajin manya na fara haɗa baƙi, nakan rubuta masa gaisuwa da hannuna, shi kuma ya amsa da murya yana dariyar kurakuraina. Yana aikin babur a Damagaram. Na tambaye shi ko yana tsare raga a can, ya ce samari sun cika fili, kuma ba ya son ya ji ciwo ya rasa abin kai wa gida. Bai taɓa ambatar ranar tabarmar nan ba, ni ma ban taɓa ba.

Koci ya ɗauke ni a motarsa kwanakin baya, muka bi ta gefen filin. An zuba kwantenoni a wurin, tunda ba mai zuwa. Ya rage gudu ya duba, ya ce, "Baba, yaya ginin mutumin nan?" Na ce masa yana nan inda ya tsaya.

Mun rasa gola ɗaya da 'yan baya uku. Mun rasa lamba tara ɗin da muka zaɓa, mun rasa gasar, mun rasa filin. Shi kuma ya rasa aikinsa da iƙamarsa, ɗakunan nan biyu sun tsaya a linta, ba rufi.