Tambayar da Yayata Ta Ƙi Amsawa

Ko zan manta da komai, ba zan manta da shekarar da hankalin yayata ya tafi ya dawo ba. A Gashuwa take aure, sana'arta bandar kifi. Kwatsam ta fara surutai, tana tauna baki ba komai a ciki, ta dubi 'ya'yanta ta ce a fitar mata da baƙin nan. Daga baya sai jijjiga.

Nan take kowa ya zama masani. Gwaggonmu ta rantse iskokin bakin kogi ne, tunda can take sarin kifi. Aka yi hayaƙi, aka yi allurar zazzaɓi, abu sai gaba yake. Da na ji ana shawarar a ɗaure ta a ɗaki, raina ya ɓaci, na ce, "Wallahi sai dai a ɗaure mu tare." Washegari ni da mijinta muka kai ta asibiti a Nguru.

Wata likita ta ɗebi ruwan ƙashin bayanta, aka aika gwaji can nesa. Da sakamako ya zo ta zaunar da mu ta ce, "Ba hauka ba ne. Garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwarta har ta kumbura. Ba kasafai ake ganinsa ba, amma yana da magani." Ashe jikin mutum kan iya ɗaukar kansa a matsayin baƙo!

Aka yi ta sa mata maganin a ƙarin ruwa, makonni suna wucewa, jijjigar ta tsaya amma ba ta gane kowa. Wata safiya likita ta zo gwada ta kamar kullum, ta nuna mijin ta ce, "Wane ne wannan? Faɗi sunansa." Can sai yayata ta jawo mayafi ta rufe fuska, a hankali ta ce, "Haba likita, sunan maigidan nawa zan kama a gaban mutane?"

Gwaggo, wadda ta zo dubiya, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, likita tana dariya, ni kuwa kuka na fashe da shi. Yayata ce, ta dawo.

Tun daga ranar, in na ga wanda aka ce ya zauce, ba na saurin cire rai. Wataƙila mutumin yana nan ciki, jira yake a gano ciwonsa.