Ragar da Baba Tela Ya Ɗinke

Gari bai gama wayewa ba na iske Baba Tela a filin ƙwallo. Yana tsaye a kan wani tsohon bokitin fenti da ya kife, basilla a hannunsa, dunƙulen igiya a aljihu, yana ɗinkin raga. Ni abin da ya kai ni, ƙarfen saman ragar ne ya saki a kusurwa, masu wasan suka roƙe ni in ɗaure shi kafin su zo. Na ajiye sufana a ƙasa na tsaya ina kallonsa.

"Baba, me kake yi?"

"Hutawa nake," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba.

"Da basilla?"

"Mai walda, yi abin da ya kawo ka. Idonka ya gani, bakinka bai gani ba."

Na yi abin da ya kawo ni. Amma na san abin da basillar nan za ta iya jawo masa.

Shekara goma sha tara shagona yana jingine da nasa, bango ɗaya ya raba mu. Ni ina ƙona ƙarfe, shi yana taka keke. Shagon nasa ɗan ƙarami ne: teburin yanka, dutsen guga, madubi mai tsaga a gefe, da ƙusa uku da yake rataye tef da almakashi da hularsa. Ban taɓa rigan shi buɗewa ba, ban taɓa ganin ya riga ni rufewa ba. Asabar da Lahadi duk ɗaya ne a wurinsa. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, shi ya sa muka daɗe. In rigar aikina ta yage, sai in same ta a ɗinke a kan bencina. In ƙafar kujerarsa ta karye, sai ya same ta a liƙe. Ba wanda ya taɓa ce wa wani sannu a kan haka.

Makonni kaɗan kafin wannan asubar, wata rana da azahar na ji keken ya yi shiru. Na jira, shiru. Da na leƙa sai na gan shi ya kifa kai a kan wani wando da bai gama ba. Likita ya ce hawan jini ne, ga baya ya gaji, ga ido ya fara gardama. Ya ce a ajiye aiki wata uku, a fita waje, a sha iska, a yi abin da rai ke so.

"Abin da raina ke so ke nan ka hana ni," in ji Baba Tela.

'Yarsa ta fari nas ce, kuma ba ta da wasa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma kamar uwar take juya shi. Washegari ta zo da mai baro, ta sa aka kwance kan keken aka tafi da shi gidanta. A gabana ta yanke hukunci.

"Baba, wata uku. In jininka ya sauka, kekenka zai dawo. In kuwa na kama ka da allura, ko maɓalli ɗaya ka ɗinka, wallahi kyauta zan bayar da shi."

"Uwata, keken nan ya girme ki."

"Shi ya sa shi ma zai huta." Ta juyo gare ni. "Kawu, kai ne idona. Ka riƙa fita da shi."

Ni da ban san hanyar hutu ba, aka ce in nuna wa wani. Makaho ya ja makaho.

Asabar ta farko na kai shi babbar kasuwa, domin na ji ana cewa mutane kan je can su zaga kawai. Haka ne kuwa. Ga iyali suna tafe a hankali, suna taɓa kaya suna ajiyewa, suna dariya, ba su sayi komai ba. Baba Tela ya bi su da kallo.

"Me suka ɓatar?"

"Ba su ɓatar da komai ba. Yawo suke."

"To in sun gama, me za su nuna?"

Muka shiga layin masu gwanjo. Nan ya farfaɗo. Ya ɗauki kwat ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya ɗauki wata ya juya. Kafin in ankara ya juya guda takwas. Mai rumfar ya ce, "Tsoho, saye za ka yi ko tiyata?" Da muka fito, sai ya bi wani mutum mai farar riga har bakin titi, don kawai ya gaya masa hannun rigarsa na hagu ya fi na dama tsawo. Mutumin ya ɗauka ɗan sane ne, ya dafe aljihu. Da ƙyar na raba su.

Asabar ta biyu muka je lambun shaƙatawa. Muka zauna a benci. Wasu suka wuce mu a guje, maza da mata, gumi sharkaf. Ya miƙe tsaye.

"Wa ya koro su?"

"Ba kowa. Motsa jiki suke."

Suka zagayo suka sake wucewa. Ya koma ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu kamar ba nasa ba. Ƙafarsa ta dama kuwa tana ta taka ƙasa, sama da ƙasa, tana tuƙa keken da babu. Bayan minti ashirin ya ce, "Mun huta ko da saura?"

Duk Lahadi 'yar takan ɗaura masa abin awo a hannu. Jinin bai sauka ba. Har ɗan hawa ya yi.

Mijinta ne ya kawo shawarar filin ƙwallo. Malamin makaranta ne, mai kirki, mai tumbi. Duk Lahadi da safe shi da sa'o'insa sukan taru su buga, magidanta ne duka, masu ciwon gwiwa. Harsashi suke ce masa, saboda ba wanda ya kai shi nauyin gudu. Shekara biyu rabonsa da cin ƙwallo. Mai askin layinmu ne alƙalin wasa, domin shi kaɗai ke da usur.

Baba Tela ya zauna a bakin fili bai tambayi an huta ko da saura ba. Na yi murna, na ce an dace. Sai daga baya na lura ba ƙwallon yake kallo ba. Tana gabas, idonsa na yamma. Ragar yake kallo. Tsohuwar raga ce, ta huje wuri bakwai, an ɗaɗɗaure ta da leda da igiyar takalmi, ta yi lakwab tana jan ƙasa.

"Wa ya yi wannan aikin?" ya ce.

"Haka take, Baba."

"Ba abin da haka yake. Wani ne ya bar shi haka."

Ashe tun daga ranar kullum da asuba yakan tako da ƙafa daga gida zuwa filin, tafiyar rabin awa, ya yi ɗinki har rana ta fito, ya koma. Kwana goma sha uku yana yi. Ranar da na iske shi, ƙarshen aikin ne. Ya toshe duk hujin, ya kalmashe bakin kamar na labule, sannan ya ja ta ta ko'ina ya ɗaure tamau. Ya ɗan buga ta da yatsa, ta yi ƙara kamar ganga.

"Ka ga yanzu ta zama abu," ya ce. Ni ma na ga ta yi kyau. Ƙarfe na sani, ban san raga ba.

Aka fara wasa. Nas ɗin ta zo da jakar awonta ta zauna kusa da uban. Ana dab da tashi, ba wanda ya ci, sai ƙwallo ta faɗo gaban Harsashi. Ya rufe ido ya narka mata ƙafa. Ta wuce mai tsaron gida, ta daki ragar, ta dawo da gudun da ta tafi da shi, har tsakiyar fili. Wasu suka ci gaba da wasa. Harsashi kuwa ya cire riga yana zagaya fili yana ihu shi kaɗai.

Mai aski bai busa ba.

"Ta shiga!" in ji Harsashi.

"Ƙarfe ta daka!" in ji mai tsaron gida.

"Wane ƙarfe? Ka ji ƙarar ƙarfe?"

"Ni dai raga ba ta motsa ba," in ji mai aski. "Shekara tara ina alƙalanci, in ƙwallo ta shiga, raga takan kumbura ta riƙe ta. Wannan ko gezau."

"Kai da ba ka ganin ƙeyar da kake aske wa, ina za ka ga ƙwallo?"

Suka ɗunguma wurin ragar su ashirin da biyu. Wani ya jefa mata ƙwallo da hannu, ta dawo ta same shi a hanci. Suka shiga shafa kalmasar, suna duba ƙullin, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Mutum ɗaya ne a unguwar zai yi wannan aikin. Kawuna suka juyo gaba ɗaya.

Harsashi ya taho, riga a hannu, yana haki. Surukinsa ne, ba dama ya ɗaga murya. Ya ɗan rusuna.

"Baba, shekara biyu. Shekara biyu nake neman ƙwallon nan."

"Na ga ta yi sako-sako ne," in ji Baba Tela a hankali.

"Ai sako-sakon shi ne aikinta, Baba."

Tsohon ya dube shi, ya dube ni. Shekara arba'in yana yaƙi da sako-sako, yau an ce masa shi ne daidai.

'Yar ta matso kusa da uban. Ta kama hannunsa ta buɗe. Ga shatar igiya a yatsunsa. Ta ɗago ta kalle ni.

"Kawu?"

"Ni ƙarfe na ɗaure," na ce. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ji daɗin kaina ba.

"Uwata," ya ce, "raga ba tufa ba ce."

"Basilla ba allura ba ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ta zaro abin awon a fusace ta ɗaura masa, don ta nuna masa ɓarnar da ya yi wa kansa a gaban kowa. Ta duba. Ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta bubbuga abin, ta koma ɗaya hannun. Tun da ya kwanta ciwo jininsa bai taɓa sauka irin na ranar ba. Ta ce na'urar ta lalace, ta jawo mijinta ta gwada a kansa. Nasa ya yi sama har sai da ta ce ya zauna.

Ta tattara jakarta ta tafi, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Kwana uku ba labari. Baba Tela yakan zo ya buɗe shago ya zauna gaban teburin da ba keke, ya share, ya sake sharewa. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba, domin haƙurin baki ba ya ɗinka riga. Ranar Alhamis sai ga mai baro da kan keken, an lulluɓe shi da zane, ita tana biye.

"Ni ban gane ba," ta ce. "Likita ma na gaya masa, ya ce wataƙila tafiyar ce, wataƙila iskar ce. Ka karya alkawari, Baba, ni ma ga shi na karya nawa. Amma makullin shagon nan a hannuna zai riƙa kwana daga Juma'a da yamma har Litinin."

"To Asabar da Lahadi in yi me?"

"Abin da ka yi. Amma ban da jan raga tamau."

Har yau ban san ko hutawa ya koya ba, ko kuwa wani aikin ya samu wanda ba a biya. Ƙwallon Harsashi dai ba a ƙirga ta ba.

Lahadin da ta wuce na bi ta filin da sassafe. Yana kan bokitinsa yana kwance ƙullin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, yana sakar wa ragar jiki. Ya sauko ya ja baya, ya dube ta tana lilo, fuskarsa a yamutse kamar mai ciwon haƙori. Ya ɗauki ƙwallo ya jefa, ragar ta kumbura ta riƙe ta. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya waiga hagu da dama, ya kama igiyar kusurwar ƙasa, ya ɗan ƙara ja.