Koren Katin Uwar Aike

Ranar Talata, sha tara ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran babbar ma'aikaciyar jinyarmu, wadda kowa a asibitin nan yake kira Uwar Aike. Ta cika a gado na huɗu na ɗakin mata, ɗakin da ta shekara ashirin da shida tana zagayawa da takalminta mai ƙara. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ni ne mai ajiye katin marasa lafiya. Tagata ce ta ƙarshe a dogon barandan nan, bayan ɗakin magani da ɗakin awo. Abokan aiki suka ce ni zan rubuta wani abu, tunda na fi kowa daɗewa da ita. Na zauna da niyyar in yi kuka a takarda, sai ga dariya tana riga hawaye zuwa. Ki yi haƙuri, Yaya, ke kika ja.

Wanda bai sani ba zai ɗauka son aike ne ya ja miki wannan suna. To, da gaskiyarsa, amma aikenki iri ɗaya ne tak. Duk wanda ya rako yaro, ko tsoho, ko mai lalurar da ba ya iya tsaya wa kansa, sai ki bar shi ya gama bayaninsa tsaf, kina gyaɗa kai. Daga nan ki dafe goshi kamar wadda ta yi mantuwa, ki ce, "Af, ba ku karɓo koren kati ba? Taimaka don Allah, taga ta ƙarshe, wajen Mai Kati."

Koren katin nan ba ya da aikin komai a duniya. Kwali ne nake yankawa daga bangon tsofaffin fayil. Aikina kawai in riƙe mutum minti goma, domin ki samu ki keɓe da wanda aka rako. Na ƙware kuwa. In nemi biro alhali yana maƙale a kunnena, in tambayi shekaru sau biyu, in buga hatimin da ba tawada, in buɗe durowa in rufe. Zagi kam na sha shi har na ƙoshi. Wani bawan Allah ya taɓa rantsuwa bai ga malalaci irina ba tunda uwarsa ta haife shi, ya kai ƙarata wajen shugaban asibiti. Shugaba ya kira ni da fuska a ɗaure, ya rufe ƙofa, ya yi dariya har da riƙe ciki, don da saninsa ake yi.

Kin sha gaya mini cewa wanda aka rako, bakinsa yana hannun wanda ya rako shi. A cikin mintuna goman nan kikan jawo 'yar kujerarki, ki zauna ƙasa da mara lafiya, ki yi tambaya uku: Ka ci abinci? Kana samun barci? Akwai wanda kake tsoro a gida? Tara cikin goma ba a samun komai sai hira da dariya, mai rakiya ya dawo da katinsa kowa ya kama gabansa. Na goman nan shi kike nema. Idan kin same shi ba kya ihu, ba kya yanke wa kowa hukunci. Ki rubuta abin da kika ji da abin da kika gani, ki sanar da likita, ki kira jami'ar walwala, in yaro ne a tuntuɓi makarantarsu. Sannan ki bi sawun maganar har sai an yi wani abu, kuma masu ofis sun san ba a gajiyar da ke.

Sirrin mutane kin hana mu faɗa, ba zan fara yau ba. Zan dai ce a wajen gaisuwa na ga wata malamar makaranta da 'ya'yanta biyu, da tabon ƙuna a bayan hannunta. Ta ce mini tana 'yar shekara bakwai aka kawo ta, wai tukunya ta taɓa. Ba ta tuna fuskar likita, amma tana tuna matar da ta zauna ƙasa da ita ta tambaye ta ko ta ci abinci.

Nawa sirrin kuwa ina da ikon faɗa. Shekara tara ke nan da mahaifiyata ta fara mantuwa. Sai ta saka mayafi ta fita, ta ce za ta gidan yayarta da ta daɗe da rasuwa. Sau biyu ana tsinto ta a tashar mota. Ni ina aiki, matata tana shagon ɗinkinta, yara suna makaranta. Sai na sayo kwaɗo. Kullum ƙarfe bakwai in ajiye mata abinci da ruwa da bokiti, in rufe ɗakin ta waje, sai ƙarfe huɗu in na dawo. Wallahi a zuciyata kulawa nake yi, har ina yaba wa kaina dabara.

Da ta fara ramewa, ƙafafunta suka kumbura, na kawo ta wajenki. Na yi bayani mai kyau irin na ma'aikacin asibiti, ita kuma tana zaune tana kallon ƙasa. Kika saurara, kina gyaɗa kai. Sai na ga hannunki ya nufi goshi.

"Af, Mai Kati, ba ka karɓo koren kati ba?"

Na ce, "Yaya, ni ne fa."

"Na gan ka, ƙanena. Taga ta ƙarshe."

Haka na bi barandan nan da ƙafata. Na isa taga ba kowa, don mai tagar ni ne. Na zagaya na buɗe ofis, na zauna, na yanka wa kaina kati, na buga masa hatimi, na zuba wa agogo ido. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe haka mintuna goman nan suke da tsawo, ni ban sani ba ina ta raba wa mutane.

Na dawo na tarar da ku kuna ɓare lemo, tsohuwa tana ba ki labarin ƙuruciyata tana dariya, dariyar da na manta rabon da in ji. Kika sa aka tafi da ita awo, kika nuna mini kujera.

Kika ce, "Ta ce kai ɗa ne nagari, ta maimaita sau uku. Ta ce kuma da zarar ta ji ƙarar kwaɗo sai ta daina shan ruwa, don kunyar bokitin nan take ji. Mantuwa gare ta, amma wannan ba ta manta ba. In wuta ta tashi kana nan kana neman biro, ta ina za ta fita?"

Na dai roƙe ki kada ki rubuta, mu kashe maganar tsakaninmu, na tuna miki shekarun da muka yi tare. Tsorona biyu ne: kada a raba ni da uwata, kada kuma a ji ni a bakin abokan aiki. Kika ce, "Ranar da na ƙi rubuta naka, ranar koren kati ya zama zalunci a kan sauran mutane." Kika rubuta a gabana, kika karanta mini, ba ƙari ba ragi, har da cewa ni ɗa ne nagari.

Mako uku na yi ina gaba da ke. Ke kuwa kullum da safe sai kin biyo ta tagata kin gaishe ni da ƙarfi, kin tambayi Inna, kamar ba ki san ana fushi ba. Gaba da ke wahala ce, Yaya, mutum shi kaɗai yake yin abarsa.

Jami'ar walwala ta zo gida, kuma ba ta zo ɗauke kowa ba. Ta zauna da ni da matata, aka tsara. Kwana uku a mako ana kai Inna cibiyar da tsofaffi ke wuni, kwana biyu tana wajen maƙwabciyarmu, wadda ashe ta daɗe tana jin bugun ƙofa tana rasa yadda za ta yi mini magana. Aka ɗaura mata abin hannu mai lambar wayata, aka rataya 'yar ƙararrawa a ƙofa a madadin kwaɗo. Inna ta murmure, ta yi ƙawaye, har ta zama mai raba faɗa a cibiyar, ko da yake rabin faɗan ita ke tayarwa. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, ta rasu a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe, jikokinta suna shiga suna fita. Waɗannan shekaru huɗu su ne mafi daɗi a zamana da ita, kuma ke Allah Ya sa kika zama sanadi.

Ranar da na sauko daga fushi, kwaɗon na kawo miki maimakon ban haƙuri, don bakina ya yi nauyi. Kika juya shi, kika ce daman kina neman abin danne takarda. Yana nan kan teburinki har yau, ba wanda ya san tarihinsa sai ni da ke.

Da ciwo ya kama ki a watan jiya, babbar 'yarki ce ta kawo ki. Ina zaune sai ga ta a tagata, tana sauri, ta ce, "Baba Mai Kati, wai an ce in karɓo koren kati." Nan na gane abu biyu: ko a gida ba ki taɓa tona asirin ba, kuma ma'aikaciyar jinyar da kika horar ba ta ɗaga miki ƙafa ba. Na shiga neman biro. Wannan karon da gaske ban gan shi ba, don idona ya cika da ruwa.

Daga baya ɗalibar taki ta ba ni labari. Ta ce ta yi miki tambayoyin nan uku. Kika ce kin ci abinci, kina samun barci, kuma ba kya tsoron kowa a gida, su dai ba ki da tabbas ko suna tsoronki. Sannan kika dube ta daga sama har ƙasa kika ce, "Amma a tsaye kika tambaye ni. Jawo kujera ki sake." Ta jawo 'yar kujerar, ta zauna ƙasa da ke, ta sake daga farko. Kika ce yanzu ta yi, kika yi murmushi, kika ce ta je ta ceci 'yarki daga hannuna.

Na san wannan rubutu ya tona asirin koren kati. Kada hankalinki ya tashi, tun makon jiya muka sauya dabara, kuma ko da wuƙa a wuya ba zan faɗi sabuwar ba. Abin da zan ce kawai, barandan yana nan da tsawonsa, ni ma ina nan da lalacina.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ta zauna ƙasa ta saurari waɗanda ba a saurara, Ka ɗaukaka darajarta a Aljanna. Ka haɗa ta da mahaifiyata a cikin rahamarKa, na san hira ba za ta ƙare musu ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, da 'ya'yanta, da jikokinta, da 'yan'uwanta, da abokan aikinta, da duk wanda aka taɓa tambaya ko ya ci abinci a ɗakin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma 'yata, babbar 'yar marigayiya, ki yafe mini mintuna goman da na raba ki da mahaifiyarki ran nan. Ita ta koya mini, kuma ba ta taɓa yarda in rage wa kowa ko minti ɗaya ba.