Awa Huɗun da Suka Ɓace wa Ssalongo

Sunana Badru, gyaran wutar mota nake yi a Katwe, bayan layin masu walda. Shekarata goma sha tara a rumfar nan, kuma in aka ce in lissafa direbobin da na yarda da su a duk Kampala, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni har da saura. Direba zai kalli tsabar idonka ya rantse bai taɓa wata waya ba, alhali ga salatif ɗinsa nan a jiki, ko ƙura bai yi ba. Amma ban da Ssalongo Kayondo. Shi in ya ce maka bai taɓa ba, to nemi matsalar a wani wurin.

Mutumin wajen Masaka ne. Ya shigo birni yana lodin ayaba, a nan ya koyi tuƙi, daga baya Mzee Lubwama, wani dattijo mai gonar kaji a Buloba, ya ɗauke shi. Tun daga ranar, shekara ashirin da shida ke nan, aikinsa ɗaya ne: ya loda kiret-kiret na ƙwai a bayan tsohuwar akori-kura da sassafe, ya raba wa masu shaguna da masu suyar ƙwai a bakin titi, ya mayar da motar gona kafin magariba. A cikin aikin ya yi aure, a ciki aka haifa masa tagwayen da suka sa ake kiransa Ssalongo, wato baban tagwaye, har sunansa na yanka ya ɓace wa mutane. Ni kaina sai da na ga lasisinsa na san Erisa yake.

Tuƙinsa kuwa sai mai haƙuri. In ya hango rami, tun daga nesa yake fara lallaɓa birki, 'yan bodaboda masu acaɓa na zuba masa hon, suna kiransa kaka da yarenmu, suna cewa, "Jajja, gawa ka ɗauko ne?" Ko kallonsu ba ya yi. Rigarsa a soke cikin wando, ƙaramin tawul a wuya, karin kumallonsa katogo, faten ayaba, a wurin mace ɗaya tun kafin ta yi furfura. Aibinsa guda ne, kuma ya sha ƙona min rai da shi: maƙo a kan kayan motar da ba tasa ba. Ya taɓa kawo min ƙwan fitila da ya mutu murus, wai in duba ko zai gyaru. Na ce, "Ssalongo, ƙwan shilin dubu biyu? Kai ko kunya ba ka ji?" Ya ce ai tambaya ya yi.

Da Mzee Lubwama ya rasu, 'yarsa Nanyonjo ta bar aikin ofis ta karɓi gonar. Kada wani ya ce muguwa ce, ba muguwa ba ce. Ta tarar ma'aikata sun mayar da gonar gadonsu, abincin kaji na fita ta bayan katanga, sai ta daina yarda da kowa. Cikin abubuwan da ta sayo har da 'yar kyamarar nan da ake liƙawa a gilashin gaba, bayan madubi. Da hannunta ta liƙa, ta soka wayar a ramin kunna sigari, ta ce a tafi.

Mako biyu bayan haka, ranar Talata, Ssalongo ya tsaya a bakin rumfata. Mutumin da sai ya tambaye ka gida da yara da ciwon ƙafar surukarka kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ranar ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Badru, duba min abin nan. Ta ce ina cire shi."

"Wa ta ce?"

"Nanyonjo. Wai awa tara nake yi a hanya, abin yana nuna biyar. Wai ina kai motar wani wuri, ina yi wa wasu dakon gawayi. Ta ce ranar Juma'a in ba ta makulli." Ya goge wuyansa da tawul. "Yarinyar da na riƙa kaiwa makaranta a kujerar nan."

Na tayar da motar, kyamara ta kama. Na jijjiga waya, na bubbuga dashbod, na auna wuta, na bar inji yana aiki rabin awa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ana cikin haka Nanyonjo ta kira wayarsa, ta ce a ba mai gyara. Ta ce, "Ssebo," wato malam, "kyamarar lafiyarta ƙalau ko?" Ni kuma da shegen bakina na ce lafiyarta ƙalau. Gaskiya na faɗa, amma da na juyo na ga fuskar tsohon, sai na ji kamar ni na sa hannu a takardar korarsa. Ya karɓi wayarsa, ya ce ya gode, ya ja mota ya tafi.

Washegari da ƙarfe bakwai na tare shi a Nateete, na yi masa ƙaryar cewa babur ɗina ya lalace, ya rage min hanya. Ni dai so nake in zauna cikin motar tana aikinta na kullum, don mota a gareji halin kirki take nunawa, sai ta hau titi take fito da na gaskiya. Na zuba wa ɗan jan ɗigon da ke jikin kyamarar ido. Muka sauke kiret goma a wani shago, muka ci gaba, muka nufi shataletalen Kibuye. Can muka afka cikin gosulon da kowa ya sani, wanda mai tallan gasasshiyar ayaba ke sayar da tirensa kaf a tagar mota ɗaya.

Motar na tsayawa, hannun Ssalongo ya sauka kan makulli, ƙit, ya murɗe shi har ƙarshe. Bai ma kalli hannun ba, labarin wani limamin cocinsu yake ba ni. Jan ɗigon ya mutu.

Na ce, "Ssalongo! Me ka yi yanzu?"

"Me na yi?"

"Ka kashe mota."

"To? Ba tsaye muke ba?"

"Kullum haka kake yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana sa wando kafin ya fito. "Kai da hankalinka, in bar inji yana shan mai muna kallon bayan tasi?"

Wallahi dariya ta kama ni har sai da na buga kaina a gilashi. Minti ashirin da biyu muka yi a wurin. Da hanya ta buɗe ya tayar, kyamarar kuma sai ta yi kusan minti biyu tana miƙa kafin ta farka, lokacin har mun bar shataletalen mun shiga wani layi. Wanda ke kallo a gida zai ga mota a Kibuye, sai kuma ya gan ta wani wuri bayan rabin awa. Kafin mu kai Katwe sau bakwai ya kashe ta. Ramin sigari ba ya samun wuta sai makulli na kunne, abin da kowane mai gyara ya sani tun ranar farko, amma ni da sana'ata da Nanyonjo da bokonta ba wanda ya kawo shi a ransa.

Na yi masa bayani ina jiran ya yi murna. Sai ya ce a hankali, "Ashe gaskiyarta. Ni nake kashewa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai tsoho, kada ka sa in zage ka da safiyar nan! Ce maka aka yi ɓarawo, ba ce maka aka yi mai kashe mota ba."

Hanya mafi sauƙi ita ce ya daina kashe injin. Na faɗa masa, ya ce sam, ko da za a kore shi. To, sai na buɗe akwatin fiyus a ƙarƙashin sitiyari. Rubutun murfin duk na Japan ne kamar yawancin motocinmu, don haka na zare makullin na riƙe a baki, na bi fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji har na sami wanda ke da wuta ko mota na kashe, na fitilar ciki. Daga nan na ja sabuwar waya, na sa mata ƙaramin fiyus nata na kanta, don ni ba na cikin masu murɗa waya su ce Allah ya kiyaye. Na huda dashbod a gefen rediyon da ya mutu tun zamanin Mzee, na zaunar da soket irin na cajin waya mai baki biyu, na ɗaure wayarsa ta biyu a wani noti na jikin mota, na mayar da wayar kyamarar cikin sabon soket ɗin. Na ƙara ɗan akwatin da ke yanke wuta da kansa in batir ya fara rauni, kada motar ta ƙi tashi da safe a ce ni ne. Ssalongo na tsaye a kaina yana tambaya ko abin yana ƙara shan mai. Na ce ya je ya zauna.

Da na gama na kira Nanyonjo na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ssebo Badru, jiya kai ka ce lafiyarta ƙalau. Yau kuma kun yini tare, labari ya canja. Na san yadda masu gareji da direbobi ke rufa wa juna asiri."

Ban ji daɗi ba, amma ban ga laifinta ba. Na ce, "Nnyabo," wato uwargida, "kada ki yarda da ni. Bar shi ya yi aikin gobe, jibi ki zo rumfata ki kalla da idonki. In kin ga ko minti biyar ya ɓace, ni zan karɓi makullin in miƙa miki."

Ranar Juma'a da hantsi ta zo, da takalminta mai tsini da kwamfuta a jaka. Ssalongo ya riga ta zuwa. Ya wanke motar, ya share gidan gaba, ya kwashe 'yan kayansa a leda, ya ajiye makullin a kan bencina. Bai yarda da na'urar ba, bai kuma yarda za a yarda da shi ba. Ta gaishe shi a tsaye, gajeriyar gaisuwa, ta zare katin kyamarar ta soka a kwamfuta.

Awa tara da minti goma sha ɗaya, babu yankewa. Ta ja gaba, ta dawo baya, ta sake ja. Ta zo daidai Kibuye ta tsaya. Muka ji ƙit ɗin makulli, inji ya mutu, hoto kuwa bai mutu ba. Ba abin da ake gani sai bayan wata tasi, ba abin da ake ji sai hon da numfashin tsoho cikin zafi. Mai tallan ruwa ya leƙo, aka ji muryar Ssalongo yana cewa a'a, ya gode. Ta kalli agogon da ke ƙasan hoton yana tafiya, minti goma, sha biyar, ashirin. Ta tsallaka zuwa Ndeeba, haka. Ta tsallaka zuwa Kalerwe, haka. Masu walda biyu sun ajiye aiki sun zo bayanmu suna leƙe.

Ta rufe kwamfutar. Ba ta kalle shi ba ta ce, "Ssalongo, wa ya sa ka wannan wahalar? Ba wanda ke auna maka mai."

Ya ce, "Mzee ne. Shekarar da kika shiga sakandare kaji suka mutu, mai ya yi tsada. Ya zauna a gefena a gosulon nan, ya kai hannu ya kashe motar, ya ce, 'Erisa, man da aka ƙona a tsaye kuɗin makarantar Nanyonjo ne.'" Ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Bai taɓa cewa in daina ba."

Nanyonjo ta ajiye kwamfutar. Ta miƙe, ta ɗauki makullin daga kan benci. Ni na zaci jaka za ta jefa shi. Sai ta juya ta fuskanci tsohon, ta sauke gwiwoyinta biyu a ƙasan rumfata, cikin baƙin mai da guntayen waya, yadda 'ya ke durƙusa wa uba, ta miƙa masa makullin da hannu biyu.

Ta kira shi baba da yarenmu, ta ce, "Taata, ka yafe min."

Ssalongo ya rikice. "Tashi, tashi 'yata, za ki ɓata siket ɗinki. Badru, ce mata ta tashi."

Na ce ba ruwana. Ita ma ta ƙi motsawa, hannayenta a sama, hawaye na sauka. Layin walda gaba ɗaya ya yi tsit, abin da ban taɓa ji ba a shekara goma sha tara. Tsohon ya ajiye ledar kayansa a ƙasa, ya goge tafinsa a jikin wando, ya karɓi makullin.

Wani daga baya ya buga guduma a jikin durom, sai ihu ya ɓarke, ana tafi ana kiran "Ssalongo! Ssalongo!" har masu shagunan tsallaken titi suka fito. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba, wanda ya ga dama ya yi min dariya. Ssalongo kuwa ya kama hannunta ya tashe ta, ya buɗe mata ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba, ya ce ta shiga ya kai ta gida.